Bari In Gama Na Mutane

A unguwar da ke bayan tsohuwar tasha a Bagudo, wanda bai san fuskar Asama'u matar Namadi magini ba, ya san muryarta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya magana a hankali ba, kuma ba ta taɓa ganin dalilin da zai sa ta koya ba. Idan ta daka wa akuyarta tsawa, har na maƙwabta sai sun watse.

Abin da ya fi muryar tafiya nesa shi ne farfesunta. 'Yar Kaoje ce, a gindin bandar kifin uwarta ta girma, hayaƙi ya saba da idonta tun ba ta san kanta ba. Da zarar an yanke shinkafa, sanyi ya fara shiga ƙashi, sai ta sauko da babbar tukunyarta. Tarwaɗa banda take sawa. Ta wanke ta da ruwan zafi har ƙaurin ya fita, ta daka tarugu da citta da kimba da masoro, ta jefa daddawa ba da rowa ba, ta bar romon ya yi ta ɓararraka har ya kama jikinsa. Da la'asar za ka ga direbobin da ke jigila zuwa Tsamiya, bakin iyakar Benin, sun jera motoci a ƙofar gidan, kowa ya rungume kwano yana sha yana jan hanci, gumi na keto masa cikin rigar sanyi.

To, wannan matar da ke ɗumama cikin rabin gari ta yi shekara talatin da ɗoriya tana kwana a ɗaki mai yoyo. Kuma mijinta magini ne. Ba ƙaramin magini ba, uban maginan unguwar gaba ɗaya.

Namadi dogo ne siriri, shiru-shiru, irin mutanen da ko faɗa ka zo yi da su sai ka gaji ka tafi. Daga Bahindi har Kaoje akwai rumbuna da katangu da ɗakunan da suka fito daga hannunsa. Ya iya na ƙasa tun yana saurayi, da zamani ya kawo bulo da siminti ya iya wannan ma. Duk wanda ke riƙe da cokalin gini a unguwar, a bayansa ya koya. Bai iya cewa a'a ba. Mai kuɗi ya kira shi ya tafi, talaka ya kira shi ya tafi, tsohuwar da ba ta da kowa ta aiko ya je ya yi mata yaɓe ya dawo da albarka. Mutum ɗaya ce a duniya ba ya jin kunyar ce mata ta jira, ita ce wadda ke wanke masa rigar aikin.

Ɗakin da ake magana shi ya gina shi da hannunsa, shekarar da aka kawo ta amarya. Rufin azara da ƙasa ne, kuma a lokacinsa mata har zuwa kallo suke yi. Amma ɗakin ƙasa yana son a waiwaye shi duk shekara, wannan kuwa tun da aka shiga ba a sake waiwayarsa ba. Da damina ba a gini. Da bazara kowa na rububin a toshe masa rufi kafin ruwa ya sauka. Lokacin sanyi shi ne lokacin aiki, shi ne kuma lokacin da Namadi ba ya zama. Duk shekara Asama'u za ta tare shi a bakin zaure, ta nuna masa tsagar da ta ƙaru, shi kuma ya ɗaga kai ya duba da idon gwani, ya gyaɗa kai, ya ce:

"Ma'u, bari in gama na mutane."

Mutane kuwa ba sa ƙarewa. Kafin a gama na wannan an haifi wani.

Da damina sai ta jera robobi da ƙwarya da tasa. Babbar tukunyar nan da ke tara mata jama'a da sanyi, ita ce ke tarar ruwa a ƙarshen gadonta. Ta yi jego a ɗakin nan tana jan jariri daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta shanya katifa har katifar ta daina bushewa.

Akwai kuma wani haushin da ba ta cika faɗa ba, don ta san za a yi mata dariya. A al'adar wurin, gidan da ake wa gini shi ke ciyar da magina, safe da rana, kuma matan gida gasa suke yi a kan abincin magina don kada a fita da su a baki. Saboda haka duk tsawon sanyi, daidai lokacin da girkin Asama'u ke tashe, Namadi da cikinsa cike yake dawowa. Ta ajiye masa kan kifi, rabon maigida, ya buɗe kwanon ya rufe. Da ma a nan ya tsaya. Sai ya miƙe ƙafa ya fara ba ta labari: "Kai, yau gidan da munka yi aiki anka yi muna wata miyar kabewa…" Mutum ya rasa abin da zai faɗa wa mai farfesun da direbobi ke layi a kansa sai labarin kabewar wata. Ta kan ɗauke kwanon da ƙarfin da murfin ke tsalle.

'Ya'ya suka girma suka watse. Autarsu Mashkura tana aure a Kamba, tana sana'ar shinkafa, kuma Allah ya buɗa mata. Wata damina ta zo ganin gida, ta tarar da uwarta tana kwashe ruwa daga ƙarƙashin gado da ƙoƙo. Ta koma Kamba. Sanyi na shigowa sai ga mota da buhunan siminti da kwanon rufi. Aka jibge su a zaure. Namadi ya sa wa yarinya albarka har da ƙwalla, ya ce da ya gama katangar wani masallaci a Bahindi zai kama. Ya gama katangar, aka kira shi Kaoje. Ya dawo daga Kaoje, rumbun wani ya tsage. Ruwa ya sauka, danshi ya shiga zaure, simintin nan ya daskare ya koma dutse, buhu-buhu, kowanne da siffarsa.

Abin da Namadi ya yi da su shi ne abin da Asama'u ba za ta yafe ba har ta koma ga Allah. Ya ɗauko buzu ya shimfiɗa a kai. Ya ce ai sun yi daidai da zama. A kan gumin 'yarsa yake zama yana karɓar masu zuwa kiransa aiki.

Da sanyi ya zagayo, wata motar ta sake tsayawa a ƙofar gida. Mashkura ta kira uwarta a waya.

"Inna, na sake aikowa. Daga wanga ba ni ƙarawa, wallahi. Ki biɗi magini da kanki, duk wanda kinka ga dama. Kar ki jira Baba."

Duk da haka Asama'u ta ba shi dama ta ƙarshe, a yi mata wannan adalcin. Da safe yana ɗaura kayan aiki a bayan keke ta tsaya a gabansa ta ce, "Malam, siminti ya sake zuwa." Ya dubi sababbin buhunan, ya dubi sama kamar mai lissafin watanni, ya faɗi maganar nan tasa. Ba ta yi ihu ba. Ta juya ta shige gida shiru. Maƙwabtan da suka saba jin tashin muryarta a irin wannan lokaci suka ji tsit, har wata ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya.

Wurin Ango ta fara zuwa. Shi ne babban almajirin Namadi a gini, yanzu da furfura a gemunsa da ma'aikatansa. Ta same shi yana auna tushen wani shago. Yana jin abin da ya kawo ta ya ajiye igiyar ya durƙusa.

"Inna, ki ruhwa min asiri. Bangon Maigida na. Kin san ba a sa diga ga bangon magini yana da rai, sai in shi yac cire tubalin hwari da hannunai."

"To tashi ka je ka ce mishi shi cire."

"Ni? Da wane baki?" Ya yi ƙasa da murya. "Kuma Inna, ko wa kinka kawo, ki san abu guda. Magini ba shi da kanti, ba shi da kaya bisa tebur. Suna ɗai gare shi. Ranar da anka ji matatai ta ɗauko wani shi gina mata ɗaki, babu mai sake kiranai. Cewa za a yi ta ga abin da mu ba mu gani ba."

"Sunan nan nai," in ji Asama'u, "in shimfiɗa shi bisa kaina shi tare min ruwa?"

Ango ya koma kan igiyarsa. Ita kuma ta ji abin da ya faɗa sarai. Kada wani ya zo daga baya ya ce ba ta sani ba. An gaya mata da Hausa, ta ɗauka ta auna: ɗaki busasshe a hannu ɗaya, sunan mijinta a ɗayan. Ta tafi da su gida, kuma ba su bar ta ta ci abincin rana ba.

Ta zagaya sauran maginan unguwar, duk bakinsu ɗaya. Har Dapo ta kira, wani Bayarabe mai gina shaguna a bakin titi, tana ganin shi baƙo ne, ba ruwansa. Ya zo da fara'arsa, ya shiga zaure, ya ga wanda ke zaune a kan buzu. Ya gaishe shi hannu biyu, ya sha ruwa, ya tuna cewa ya bar wani aiki a wuta, ya hau babur. Gari guda cike da magina, a ce ba namijin da zai rufa wa tsohuwa ɗaki! Ranar ko tukunya ba ta tsira ba, duk abin da ta taɓa a madafa sai da ya yi ƙara.

Ranar kasuwar Tsamiya ta shiga motar ɗaya daga cikin direbobinta, wai za ta sayo doya da kayan yaji. A bakin kasuwar ta ga ana ɗora wani shago. Mai aikin wani baƙin mutum ne kakkaura, Bunyaminu, daga Segbana, can tsallaken iyaka. Hausarsa da ɗan karkata, yana yi wa ma'aikatansa magana da yaren Dendi. Asama'u ba ta dubi bangon da yake yi ba. Ta kwana da gwanin bango shekara talatin, ta san iya bango ba shi ne magana ba. Ta tsaya a ƙasan tsaninsa ta ɗaga murya.

"Kai magini! Kana da mata?"

Ya leƙo. "Ina da, Inna."

"Ɗakinta na yoyo?"

Ma'aikatan suka fashe da dariya. Shi ma ya yi, sannan ya ga fuskarta ya daina.

"A'a, Inna. Da nata nika hwarawa kowace shekara, in ba haka ba ba ni samun barci."

"Sauko," in ji ta. "Kai nika biɗa."

Ya zo Bagudo da ƙannensa biyu da kayan aikinsu, da sassafe, sanyi na yanka kunne. Ta kai shi gaban ɗakin. Ya zagaya shi, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ja baya ya kanne ido ɗaya ya dubi kusurwa. Rufin ya mutu, amma bangon a miƙe yake kamar jiya aka ɗora.

"Inna, wa yag gina wanga?"

"Mai gidan."

"Allah shi jiƙanai. Gwani na."

"Bai mutu ba. Ga shi can zaune bisa siminti."

Bunyaminu ya sauke hannunsa daga bangon kamar ya taɓa wuta. Ashe dokar nan ba ta san iyaka ba, a Segbana ma haka take. Asama'u ta ce masa ta gaji da jin dokar magina, in zai yi ya yi, in ba zai yi ba ga hanya. Ya tsaya yana duban rufin da ya lotsa, da tabon ruwa da ya zana bango har ƙasa. Wataƙila matarsa ya tuna. Ya wuce zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Namadi, ya ce, "Baba, an kira ni aiki gidanka. In ka ce in koma, yanzu ni koma."

Namadi ya dube shi. Sannan ya taso ya shigo tsakar gida, ya tsaya gaban matarsa.

"Ma'u, ke kinka kawo shi?"

"Ni nik kawo shi."

"Da kin ƙara haƙuri kaɗan."

"Haƙurina har ya yi jikoki, Malam."

Kawunan mata sun riga sun jeru a kan katanga. Namadi ya dube su, ya dubi ɗakin. Yana iya cewa a'a, magana ta mutu a nan, domin ba mai taɓa bangon. Amma an ce bai iya cewa a'a ba, kuma ranar ce ta farko da wannan halin nasa ya yi wa matarsa amfani. Ya jawo turmi ya kife, ya taka, ya sa ɗan guduma ya ɓamɓare yaɓen da ke saman ƙofa. Ya zaro tubali ɗaya lafiyayye, ko gefensa bai ɓare ba. Ya miƙa wa Bunyaminu, ya ce, "Bisimilla." Ya karkaɗe hannu, ya ja kekensa ya tafi aikin mutane.

In ana jiran a ji cewa jikin Asama'u ya yi sanyi, to a daina jira. Ta ɗaura ɗamara ta yi girkin da ko ranar suna ba ta yi ba. Da safe ɗumame da man shanu da yaji, yana tururi. Da rana tuwon sabuwar shinkafa da miyar sure da gyaɗa, ta marmasa kifi a ciki har cokali ba ya nutsewa. Da la'asar farfesu, kuma kan kifin da ta yi shekaru tana ajiye wa wanda ba ya ci, a kwanon Bunyaminu take sa shi. 'Yan Segbana suka ci har suna neman inuwa. Idan Namadi ya dawo da yamma, sai ta jira ya zauna, ta ce da muryar da za a ji a gida na uku, "Yau magina sun yaba miyata." Wani lokaci ya je ya tsaya gaban sabon ginin, hannuwa a baya, ya daɗe yana kallo.

Kafin sanyi ya fita an gama. Bulo da siminti, rufin kwano, taga mai ƙarfe, daɓe sumul. Ruwan farko da la'asar ya zo, da iska da tsawa. Asama'u ta shiga ta zauna a tsakiyar gado, ta kasa kunne. Kwano na ta kiɗa a sama. Ta shafa katifa, ta shafa bango, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ko ɗigo. Ta yi dariya ita kaɗai har ta share ido, babbar tukunya kuwa tana can madafa a kife. Ta cancanci wannan ranar, kuma duk wanda ya ce ba ta cancanta ba, a ba shi tsohon ɗakin ya yi damina ɗaya a ciki.

Sai sanyi ya dawo.

Namadi ya fito da kayan aikinsa kamar kullum, ya wanke cokali, ya sake wa guduma ƙota, ya shimfiɗa buzu ya zauna jiran masu kira. Da fari ya ce mutane ba su sayar da shinkafa ba tukuna. Aka sayar da shinkafa. Ya ce bana sanyi ya yi yawa, kowa na jin ƙyuya. Ana nan sai ga jakuna na wucewa da ƙasa, ana jin ƙarar shebur ta ko'ina, gari ya ɗauki gini. Ango ya koma bi ta wata hanya da ma'aikatansa don kada su haɗa ido. Mutanen Bahindi za su faɗaɗa masallacin nan, suka ba wani. Bunyaminu kuwa har ɗaki ya kama a Bagudo, don aiki ya yi masa yawa. Ba ma a kiransa da sunansa, sai a ce maginin da matar Namadi ta zaɓa.

A ƙofar gidanta ta ji sauran. Wani direba, Attahiru, yana tsakiyar shan farfesu ya ce, "Inna, lambar maginin nan naki nika so. Ai tunda kinka bar na gida kinka ɗauko shi, magana ta ƙare. An ce idon tsoho ya tahi, bangonai ya hwara karkacewa."

Ta fizge kwanon daga hannunsa, romo ya watsu a ƙafarsa.

"Gidan ubanka wa yag gina shi? Ɗakin da anka haihe ka wa yag gina shi? Ya karkace? Tashi min nan! Kai da ba ka iya tsaida mota daidai ba, kai ka maganar karkata!"

Ta bi sauran da ido, kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Ta wanke su tas, su da iyayensu da duk wanda Namadi ya taɓa yi wa yaɓe kyauta. Ta yi ta yi har muryarta ta dushe. Amma zagi ba ya kawo aiki, washegari ma ba wanda ya zo zaure.

Yanzu Namadi a gida yake cin abinci, safe da rana da dare. Abin da ta yi shekaru tana so ke nan, ga shi an ba ta. Sai ya buɗe kwano ya ɗan taɓa, ya wanke hannu, ya ce an gode. Babu labarin kabewar kowa. Wallahi har ta fara marmarin labarin kabewar. Ta ce masa ya tashi ya zagaya gari ya nemi aiki, ya ce magini ba ya neman aiki, kiransa ake yi. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Haushi ya rasa inda zai sauka. Tana jin haushinsa, don shi ya kai ta Tsamiya da halinsa. Tana jin haushin gari, mutanen da suka ci ƙarfinsa shekara da shekaru suka yar da shi a kan jita-jita. Tana jin haushin Ango don maganarsa ta tabbata. Kuma ta sani, da za a mayar da ita baya, da ta sake shiga motar Tsamiya, domin ba laifi ba ne mace ta kwana a busasshen wuri. Wannan ya fi komai ƙona mata rai: ba ta yi laifi ba, amma ga mutum zaune a zaure yana ƙarewa.

Wata safiya da hantsi ta shiga madafa. Ita ce ginin ƙasa na ƙarshe da ya rage a gidan daga hannun Namadi, baƙa ƙirin da hayaƙi, ba ta da tsaga ko ɗaya. Ta fito da tukwane, ta fito da tulu da kwandon kifi da ƙullin daddawa, ta jera su a tsakar gida. Ta ɗauki taɓarya. Dokar magina ta hana magini taɓa bangon magini, ba ta ce komai a kan matarsa ba.

Dukan farko taɓaryar ta dawo mata har kafaɗa. Ta ƙara. Ta ƙara. Yaɓe ya fara zuba, bangon ko gezau. Mata suka hau katanga, maza suka cika ƙofar gida, wasu na cewa a riƙe ta, ba wanda ya matso. Ɗankwalinta ya faɗi ba ta ɗauka ba. Tana duka tana ihu.

"Ku matso ku gani! Ga bangon da kunka ce yana karkacewa! Tun hantsi nika dukanai ya ƙi hwaɗuwa! Ku kira Attahiru shi zo shi gwada!"

Sai da rana ta take tsaka, tafin hannunta ya ɗaye, sannan tubali ɗaya ya motsa. Ta bi shi da duka har gefen bangon ya rufta ciki, rufin ya sunkuyo. Ta jefar da taɓaryar, ta ratsa mutane ta nufi zaure. Namadi na zaune a kan buzunsa. Ya ji komai, bai fito ba.

"Malam," in ji ta, tana haki, "bangon madahwata ya hwaɗi. Magini nika biɗa. Kuma duk garin ga da tsallaken iyaka ba ni son kowa sai kai."

Ya tashi a hankali ya biyo ta. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya tsaya gaban ɓaraguzan, ya ɗaga kai ya duba da idon nan nasa na gwani, ya gyaɗa kai. Bakinsa ya riga shi, kamar yadda ya saba.

"Ma'u, bari in gama…"

Ya tsaya. Kowa ya ji inda ya tsaya, kuma ba wanda ya iya duban wani. Asama'u ta so ta zage shi, ta so ta zagi duk wanda ke tsaye a wurin, muryar ta ƙi fita. Ta sunkuya ta ɗauki fartanya ta tura masa a ƙirji.

Ya riƙe ta. Ya dubi hannuwan matarsa da suka fashe, ya dubi bangon. Sannan ya jingina fartanyar, ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya ce a kawo ruwa, ƙasar nan sai an jiƙa ta.

Ita ta ɗebo ruwan, da hannuwan nan, tana tafe tana masifa. Da ta gama ta jera duwatsu uku a tsakar gida, tunda yanzu ba ta da madafa, ta hura wuta ta ɗora babbar tukunya. Ta zaɓi tarwaɗar da ta fi kowace girma a kwandon, ta cire kan ta ajiye gefe, na magini.